Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Likita da Jimina?

Jama'a, wasiƙu sun taru, lokaci kuma ya ja, bari mu yi sauri.

Wata baiwar Allah daga Tasawa tana tambaya kwana nawa ƙwan jimina ke yi kafin ya ƙyanƙyashe. Hajiya, wajen kwana 42 ne. Macen ta kwanta da rana, namijin ya karɓe ta da dare. Magidanta, kun dai ji.

Wani ɗan'uwa daga Katsina ya ce wai jimina tana binne kai a rairayi. A'a Malam, ƙwanta take juyawa.

To ga wadda ta fi yawa, daga Dakoro har Gure: tunda ana kiwon jimina a Kelle, jihar Damagaram, me ya hana a buɗe mata ƙofa ta kama daji? Ina ruwan likita? To, ga likitan dabbobi tare da mu. Likita, bismilla.

"To, ni abin da ke min ciwo, kakanninmu sun san jimina mai jan wuya a dajin nan. Farauta da kwasar ƙwai suka cinye ta, ta dutsen Azbin ma a shekarun 1990 aka kusa ƙarar da ita..."

Likita, ƙofar dai, ƙofar.

"Yauwa. Kafin tsuntsu ya fita sai mun ɗebi jininsa, mu tabbatar ba ya ɗauke da murar tsuntsaye, kuma irin namu ne, ba wanda aka gauraya da na kudancin Afirka ba. Sai a killace shi. 'Ya'yan kuwa, in abinci ya gaza, ƙafa ke lanƙwashewa, kuma ƙusa ko waya duk haɗiyewa suke. Ranar ɗauka ta fi ba mu tsoro: firgita da zafi kaɗai na kashe jimina a mota. Shi ya sa muke rufe mata kai da ƙyalle, mu yi tafiya da sanyi."

Bari in maimaita don na Dakoro, tunda gandun dajin Gadabeji da aka kai wasu jiminun yana wajenku: gwajin jini, killacewa, sannan shinge a can har ta saba da wurin. Ba a buɗe ƙofa haka kawai.

Kai kuma da ka rubuto kana neman ƙwai ɗaya na ado a ɗaki, haba ɗan'uwa! Ni dai ban yarda ba, tsuntsu guda ke cikin ƙwan nan. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.