Me ya sa gishiri yake ba ka rabin nauyinsa a lab?

Jama'a tambayar nan ta yi yawa kwanan nan, ɗalibai sai turo hoton lissafinsu suke, wai nauyin molekul na gishiri 58.5 ne amma gwajin daskarewa yana ba su wajen 30, ko tamomita ce ta lalace? Lafiyarta ƙalau.

Hanyoyin gano nauyin molekul da yawa, bari mu wuce su da gudu. Abu mai saurin zama tururi akwai hanyar Dumas da ta Victor Meyer ta 1878, manyan lab kuma yanzu mas sifektiromita, na'urar auna nauyin molekul, suke kunnawa. Tamu ta yau ita ce ta daskarewa, wato a narka abu a ruwa a duba digiri nawa ƙasa da sifili ruwan zai sauka kafin ya daskare, wadda Raoult na Faransa ya yi aiki a kanta a shekarun 1880.

Ga misali. Giram 9 na sukarin gulukos a giram 100 na ruwa, a sa tamomita a ciki ana sanyaya shi. Kar ka yi saurin rubutawa, za ka ga lambar tamomita ta zarce ƙasa sannan ta yi tsalle ta dawo ta tsaya. Inda ta tsaya ɗin nan ake ɗauka, digiri 0.93 ƙasa da sifili. Raba shi da 1.86 na ruwa, wato saukar da mol ɗaya (ma'aunin yawan ƙwayoyi) ke jawowa a kilo ɗaya na ruwa, rabin mol kenan a kowane kilo, kilon ruwan fa ba na haɗin ba. Giram 9 a giram 100 daidai yake da giram 90 a kilo. Giram 90 ne rabin mol, cikakke 180, nauyin gulukos kenan, shikenan.

To ga inda ake sarƙewa, a saurara da kyau. Ruwa ba awo yake yi ba, ƙirga yake yi, shi dai ƙwayoyi nawa ke yawo a cikinsa, ba ruwansa da babba ko ƙarami. Gulukos in ya narke yana nan ɗaya. Gishiri kuwa da shigarsa sai ya rabu, sodiyam gefe kulorayid gefe, ka zuba ɗaya ruwa ya ƙirga biyu, saukar ta kusan ninkawa, lissafinka kuma ya ba ka rabin nauyi. Wannan biyun ita ce lambar van 't Hoff, kuma wallahi a ganina ita ya kamata a fara koyarwa kafin a ba yaro fomula ya haddace.

Akwai ma akasinsa, asid ɗin benzoyik in an narka shi a ruwan sinadarin benzin bibbiyu yake mannewa, nauyinsa 122 sai ya fito kusan 244. In ka samu 30 ɗinka na gishiri, ninka ta da biyu ka duba.