Amsoshin Tambayoyinku: Gadar Jebba da zamanin da jirgin ƙasa ke hawa jirgin ruwa

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru a gabana tuli, lokaci kuwa ba ya jira, saboda haka wanda ya ji an ba shi amsa a gajarce ya yi haƙuri. Tare da ni akwai Malam, tsohon malamin tarihi da kuka saba ji a wannan fili. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Ta farko daga Birnin Ƙonni take. Mai tambaya yana son ya san ko Kogin Kwara da Kogin Neja koguna biyu ne. Ɗan'uwa, kogi ɗaya ne. Shi ne ya ratsa Yamai, ya bi ta Gaya, ya shigo jihar Kebbi, ya wuce Yawuri da Jebba, ya je Lokoja ya haɗu da Binuwai.

Wata ɗaliba daga Kwantagora ta ce sun yi gardama a aji, Jebba a jihar Kwara take ko a jihar Neja? 'Yata, kowa ya ci gardamar. Gaɓar kudu Kwara ce, gaɓar arewa Neja, ga tsibiri a tsakiya.

To ga wadda ta fi yawa. Wani direban tirela daga Potiskum mai kai shanu Legas, da wata baiwar Allah daga Funtuwa da ta ce kakanta ma'aikacin reluwe ne, da wasu da dama, duk abu ɗaya suke tambaya: wa ya gina tsohuwar gadar Jebba, yaushe, kuma da gaske ne kafin a gina ta jirgin ƙasa yana shiga jirgin ruwa? Direban ma cewa ya yi, "In ƙarya ce ku faɗa mana, don yaran mota sun ishe ni da dariya." Malam, bismilla.

Malam: To, kafin a zo kan gada sai an san Jebba kanta. Ƙasar Nufawa ce. Kuma mutane da yawa ba su san cewa wannan ɗan garin ya taɓa zama mazaunin mulkin Arewa ba. Da Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a 1900, a Jebba Gwamna Lugga ya zauna da sojojinsa, sai a 1902 ya koma Zungeru, daga baya aka koma Kaduna. Abin da ya ja su can shi ne ruwa. Jiragensu kan taso daga teku su iso Jebba, daga nan zuwa sama kuma sai duwatsu da ruwa mai ƙarfi. Ai a sama can, wajen Busa, Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin, ya hallaka a 1806, shi ya sa aka yi masa hasumiyar tunawa a Jebba, shi da...

Mai gabatarwa: Malam, a gafarce ni, direbanmu yana kan hanya. Gadar dai.

Malam: Ina zuwa, ai ba a hawa bishiya ta ganye. Layin dogo biyu aka yi, kuma gwamnatoci biyu ne suka yi su, kowa da nasa lissafi. Na Legas ya iso Ibadan a 1901, ya biyo ta Ilori, ya iso bakin kogi a Jebba a 1909. Gwamnatin Arewa kuwa ta fara nata daga Baro, wani gari a bakin Kwara can ƙasa da Jebba, ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, ya shiga Kano a 1911. Nufinsu kayan Arewa su sauka Baro a loda su a jirgin ruwa. Sai aka ja na Legas daga hayin Jebba ya bi ta Zungeru ya haɗu da na Baro a Minna. Dogo ya haɗu ta ko'ina, amma ga kogi a tsakiya.

Mai gabatarwa: Sai aka yi yaya?

Malam: Sai aka kawo jirgin fito mai tururi, wanda aka shimfiɗa wa dogo a bisa bayansa. In jirgin ƙasa ya iso, sai a kwance taragai, a turo kaɗan su hau, a sa musu waigi kada su gangara, a haye da su, a dawo a ɗebi wasu. A hayi kuma a sake ɗaura su. Ka tuna ruwan Kwara ba ya tsayawa wuri ɗaya, da damina ya cika, da rani ya janye, dole a riƙa daidaita gangaren da taragon zai bi. Dogon aiki ke nan a kan abin da yanzu ba ya cin minti biyar.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda hayaniyar kasuwa ta hana shi ji. E, gaskiya ne. Direbanmu na Potiskum, ka gaya wa yaran motarka jirgin ƙasa ya hau jirgin ruwa a Jebba, shekara da shekaru ma. Su biya ka kuɗin dariyar da suka yi. To Malam, yaushe aka huta da wannan wahala?

Malam: A 1915 aka kammala gadar, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, shekara guda bayan haɗe Arewa da Kudu. Gada ce ta ƙarfe a kan ginshiƙai, tsawonta ya haura mita 500, kuma an ci moriyar tsibirin nan, don kogin ya rabu biyu a wurin. Injiniyoyi Turawa ne, amma in ana maganar wa ya gina, ni ba na son a tsaya a kansu. Wa ya ɗauki dutse? Wa ya haƙa ƙasa? A aikin dogon Baro zuwa Kano, ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane daga ƙauyuka, da yawansu ba da son ransu ba. Ba a rubuta sunayensu a jikin komai ba.

Mai gabatarwa: Hajiya ta Funtuwa, kin ji. A 1915 ke nan, in sake faɗa, 1915.

Malam: Kuma ka duba abin da ya biyo baya. Daga 1912 Kano ta rungumi noman gyaɗa gadan-gadan saboda dogo ya zo. Dalar gyaɗar da ake ta labari, wadda su Alhassan Ɗantata suka yi suna a kanta, ta kan gadar nan buhunan suka bi zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Auduga da fatu da ƙiraga, haka. Shanun da ake korawa a ƙafa wata da watanni suka koma hawa tarago. Goro kuma da fatake ke ɗaukowa daga Gwanja a kan jakuna, suna biyan masu fito a kowane mashigi, ya koma zuwa ta Legas cikin kwanaki. Wanda ya yi asara shi ne Baro. Kogi sai ya cika manyan jirage ke isowa, gada kuwa ba ruwanta da rani ko damina, sai ciniki ya bi gada.

Mai gabatarwa: Ni dai a ra'ayina, haɗewar 1914 ta takarda ce, ta ƙarfe ita ce wannan. Amma Malam kada ka amsa, za mu kwana a nan.

Ga wani Bakatsine yana cewa wai ya ji Nufawa sun yi kuka ranar da aka buɗe gadar don sana'ar fito ta mutu. Kai Bakatsine! Mun gane ka, wasan da ke tsakaninku da Nufawa ne ka kawo mana gidan rediyo. Nufawa, fili naku ne mako mai zuwa, ku rama.

Sai wani matashi daga Gusau: da gaske ne sai da aka binne mutane da rai a ginshiƙan gadar kafin aljanun ruwa su yarda? Malam?

Malam: To, akwai wani dutse da ya fito tsakiyar kogin, Turawa suka sa masa suna Juju Rock, mutanen wurin suna girmama shi tun da can. A kusa da shi ne wani jirgin Turawa mai suna Dayspring ya daki dutse ya fashe a 1857, da Samuel Ajayi Crowther a ciki, wanda daga baya ya zama bishop. Suka yi zaman dole a bakin kogi suna jiran wani jirgin, sai da suka...

Mai gabatarwa: Malam ya zagaye tambayar, bari in amsa da kaina. Ɗana, babu wannan a tarihi. Kowace babbar gada a ƙasar nan sai an laƙa mata irin wannan labari. Aiki ne mai haɗari a kan ruwa mai zurfi, wannan kawai ya isa. Ku rage yaɗa abin da kuka tsinta a WhatsApp.

Malam: Amma bari in ƙara abu ɗaya da na gani da idona. Ina saurayi na bi ta nan a bayan babbar mota. A lokacin mota da jirgi gada ɗaya suke bi, kafin a yi ta mota daban. Aka tare mu, muka yi layi, mata suna ta miƙo kifi banda ta tsakanin katakon bodi. Da jirgin ya wuce aka sake mu, muna tafe a hankali, ƙarfe na kaɗawa, wani tsoho kusa da ni ya runtse ido yana ta salati har muka haye. Da na taɓa shi na ce Baba an wuce, sai ya ce in bar shi ya ƙarasa.

Mai gabatarwa: Allah ya jiƙan maza. Ta ƙarshe, mai kula da na'ura yana ta ɗaga mini hannu. Wani daga Mokwa ya ce gadar Jebba ce ta karye a 2017? A'a, waccan ta Tatabu ce, a kan hanyar Mokwa zuwa Jebba, ruwan sama ya cinye ta. Mai tambaya a kan madatsar ruwan Jebba da masana'antar takarda, taka tana nan a ajiye sai mako mai zuwa. Malam, mun gode. Jama'a, a huta lafiya.