Jawabi kan tafkin Gidimuni a taron 'yan Damagaram mazauna Faransa

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana kan asusun bana, to ni da tafkin Gidimuni na zo. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gure daga Damagaram ya san wurin: rairayi ta ko'ina, sai kawai ka ga ruwa kwance, ga dabino, ga rake, ga garake. Muna yara mun ci dabinon nan har ya gundure mu, ba mu taɓa tambayar abin da ke shayar da shi ba.

A 2019 aka saka tafkin cikin jerin Ramsar, wato yarjejeniyar kare dausayi da aka ƙulla a Iran a 1971. Tafkin Lasuri, shi ma a yankin Damagaram, ya riga shi shiga tun 2005. Suna dai ya fita duniya, amma takarda ba ta tare rairayi. Iska na kwaso yashi tana zubawa a ruwa saboda an sare itatuwan da ke riƙe tudu. Kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan, kuma ta cinye bakin tafkin, masunci na neman inda zai jefa taru, tarwaɗa da karfasa na neman inda za su yi ƙwai.

Ga abin da ya fi taɓa ni, Alhaji. Wasu tsuntsayen da muke gani a nan Turai, da sanyi ya kama sai su ƙetare Sahara su sauka a tafkunan Sahel irin namu. 'Yan ci-rani ne kamarmu, sai dai su ba a tambayarsu biza. Can suke tarar da 'yan gida, su zalɓe da balbela da kirinjijiya. In tafkin ya cike, baƙo da ɗan gida duk sun rasa masauki, mai garka ma ya bi su.

Ba na cewa mu daina taimakon masallaci da marasa lafiya, Allah Ya kiyaye. Roƙona mu ware wani kaso a yi shingen tare rairayi, a dasa itace kafin damina, a biya samarin garin su yanke kacalla. Mu tuntuɓi mai gari da ma'aikatan gandun daji tukuna, don su suka san gefen da yashi ya fi ci.

Hajiya ma'aji, littafi na hannunki. Ni ki fara rubuta sunana.