Inuwar Ƙarƙashin Hanci: Yadda Ake Ɗaukar Hoto Irin na Taurarin Hollywood na Da

Kwanan nan duk inda ka leƙa a Instagram sai ka ga hoton baƙi da fari irin na taurarin Hollywood na shekarun 1930 da 1940. An sha kwalliya, an danna filta, amma hoto ya ƙi kama. Fitila ce ba a saita daidai ba.

Ku dubi hotunan George Hurrell. Mai ɗaukar hoto ne da ya fara aiki da kamfanin fim na MGM a 1930. Ku lura da kaifin bakin inuwar da ke fuska. Haske mai kaifi ne daga fitila guda, irin wadda ake haska dandalin fim da ita. Don haka ku cire lemar nan da ke tausasa haske, ku bar fitila tsirararta, kamar mita biyu daga fuska.

To, a nan ake yin kuskuren. Fitilar tana tsayawa ne daidai gaban hanci, sannan a ɗaga ta sama da kai ta sunkuyo. Ku riƙa ɗagawa a hankali, idonku a ƙasan hanci. Ga ta nan, 'yar inuwa mai siffar malam-buɗe-littafi. Ta tsaya tsakanin hanci da leɓen sama. Da zarar ta taɓa leɓe, fitila ta yi sama da yawa: idanu za su faɗa rami, ɗigon hasken ƙwayar ido ya ɓace. In ta yi ƙasa kuma, kumatu su baje, hoto ya koma na fasfo. Kuma wanda ake ɗauka bai da damar motsi. Ya ɗan sunkuyar da haɓa, inuwa ta sauka, sai an sake saiti.

Fata mai duhu tana karɓar wannan haske ƙwarai, ni a ganina ma ta fi kyau da shi. A shafa hoda a goshi da karan hanci kawai, a bar sheƙin saman kumatu, shi ke fitar da tsarin fuska.

Sauran mai sauƙi ne. Ƙaramar fitila ta baya don gashi ko ɗankwali ya rabu da bango, farin kwali a ƙasan haɓa, gilashin kyamara mai milimita 85, a saita ta a ISO 100 (ƙarfin jin haske) da f/8 (faɗin ƙofar gilashi). Santsin fatar da kuke gani a tsofaffin hotunan kuwa da fensir aka gyara shi a jikin fim ɗin kyamara, don haka gyaran kwamfuta ba laifi ba ne, amma kada a goge inuwar.