Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Nawa Ake Samu a Sayar da Zane a Intanet?

Jama'a barkanmu da warhaka. A watan Maris na 2021, gidan gwanjon nan na Christie's ya sayar da wani zane a kan dala miliyan 69. Zanen nan ba a takarda yake ba, ba a bango yake ba, hoto ne kawai a cikin kwamfuta. Mai shi Ba'amurke ne, Mike Winkelmann, wanda aka fi sani da Beeple. Tun daga ranar, duk wanda ya iya jan layi a fuskar waya sai ya ɗauka kakarsa ta yanke saƙa.

Sai dai masu ba da labarin sukan tsallake farkonsa. Mutumin nan ya fara ne ranar 1 ga Mayun 2007, kullum zane ɗaya, babu fashi, har kwana 5,000. Shekara 13 ke nan da ɗoriya. Abin da aka saya ɗin ma waɗannan zanukan ne aka tattara wuri guda. Kuma cinikin ya faɗo ne lokacin da kasuwar NFT, wato shaidar mallakar zanen kwamfuta da ake saye da sayarwa a intanet, ke tashe. Kafin 2022 ta ƙare kasuwar ta yi warwas, waɗanda suka shigo a makare suka ga ba haka suka zata ba.

To mu ajiye Beeple a gefe, mu ɗauko biro da takarda. Lissafi za mu yi yau.

Hanyar da ta fi saurin kawo kuɗin farko ita ce aikin oda. Wani ya turo maka hotonsa ko na iyalinsa, ko ya ce ka zana masa bangon littafi, ko tambarin sana'arsa. Mu ce ka karɓi aikin a Fiverr, dandalin da ke haɗa masu ba da aiki da masu yi, a kan dala 30. Fiverr na cire kashi 20 cikin 100, saura dala 24. Zanen ya ci maka awa 6. Ka tura, mai aiki ya ce hancin ya yi faɗi. Ka gyara, ya ce launin rigar bai yi masa ba. Ka sake, ya ce na farkon ma ya fi. Gyare-gyare da amsa saƙo sun ƙara awa 2. Raba 24 gida 8: dala 3 ke nan a kowace awa. Kuɗin ma ba nan take za ka taɓa su ba, sabon mai sayarwa sai ya jira kwana 14 kafin a sake masa. A ganina a nan yawancin sababbi ke cutar kansu. Suna yi wa zane farashi, sun manta da yi wa lokacinsu. Tun kafin ka ɗora alƙalami, ka faɗa wa mai aiki sau nawa za ka yi gyara kyauta, sau biyu misali, na uku da kuɗinsa. In kuma ba ta dandali kuka haɗu ba, ka karɓi rabin kuɗi a hannu tukuna. Ka kuma tambaye shi me zai yi da zanen, domin wanda zai rataye a ɗaki da wanda zai buga a jikin kayan sayarwa bai kamata su biya kuɗi ɗaya ba.

Sai hanyar da ake yawan kwarzantawa a bidiyoyi, wadda ake cewa kana barci kuɗi na shigowa. Ka yi zane sau ɗaya, ka ɗora a kasuwar intanet ta Etsy, mutane su riƙa saukewa suna biya. Gaskiya ne ana samu, amma mu duba. Zane na dala 5. Etsy na karɓar santi 20 na ɗora kaya, kuma duk lokacin da aka saya, ko bayan wata 4 in ba a saya ba, sai ka sake biya in kana so ya ci gaba da zama a kanti. Akwai kashi 6.5 cikin 100 na ciniki, wanda a da kashi 5 ne aka ƙara shi a 2022. Akwai kuma ladan karɓar kuɗin, wanda ga mai sayarwa a Amurka kashi 3 ne da santi 25. In ka tattara, dala 4 da 'yan kai ta rage maka. Ke nan in kana son dala 400 a wata, sai mutum 100 sun saya. Kowane wata fa. Su waye za su kawo maka mutum 100 ɗin nan? Kantinka ɗaya ne cikin miliyoyi, kuma mai neman kaya ba kasafai yake wuce shafin farko ko na biyu ba. Aikin da ake cewa na barci ne, rabinsa talla ce: rubuta sunan kaya yadda mai nema zai same shi, ɗora gajeren bidiyon yadda aka yi zanen a Instagram ko TikTok, yau da gobe, wata da watanni.

Masu buga zane a jikin riga da kofi, irin su Redbubble, sun fi sauƙin shiga, don su ke bugawa su ke aikawa. Amma rabonka ɗan ƙarin da aka ɗora a kan farashinsu ne, kuma tun 2023 suka fara cire wani kuɗin daga hannun wasu masu zanen. Rumbunan hotuna kuwa, Adobe Stock na ba da kashi 33, Shutterstock kuma daga kashi 15 zuwa 40, kuma kowane Janairu ana mayar da kowa matakin ƙasa. Saukewa ɗaya na iya kawo maka santi 10 kacal. Sai an sauke sau 1,000 a wannan farashin kafin ka ga dala 100.

Wani abin ya ƙara dagula wannan ɓangaren. A 2022 Midjourney da Stable Diffusion suka fito, yanzu kowa na iya rubuta jimla ɗaya na'ura ta zana masa faɗuwar rana ko zaki mai kambi cikin daƙiƙu. Hoton gama-gari darajarsa ta faɗi, babu wata kwana-kwana. Abin da ya fi riƙe farashinsa shi ne aikin da sai an zauna an fahimci juna, ko salon da mutane ke ganewa tun daga nesa su ce wannan hannun wane ne.

Shi ya sa masu zanen da suka daɗe a harkar ba sa dogara da ƙofa ɗaya. Ga ɗan aikin oda, ga ɗan kanti, ga koyarwa, ga Patreon, wanda aka kafa a 2013, inda masoya ke biyan wani abu duk wata. Sai dai kada yawan mabiya ya ruɗe ka. Danna alamar so kyauta ce, zaro kati kuwa sai wanda ya ga dama. Mutum 30 masu ba da dala 3 a wata, dala 90 ke nan kafin a cire na dandali. Ba ta da yawa, amma ka san da zuwanta, kuma wanda ya saya sau ɗaya ya ji daɗi ya fi sauƙin dawowa a kan baƙon da bai taɓa jin sunanka ba.

Idan da ɗan'uwana nake magana, zan ce masa: watannin farko ka sa a ranka za su iya wucewa ko sisi ba ka gani ba, kuma wannan ba ya nufin hannunka bai iya ba. Kada ka ajiye aikin da ke ciyar da kai. Kada ka ci bashi ka sayi iPad, ga manhajar zane ta Krita kyauta a kwamfuta, ga ibisPaint a waya. Ka bari zanen ya sayi kayan aikinsa da kansa.

Kafin ka buɗe kanti kuma, ka fara bincika ta ina kuɗin zai iso hannunka. Ba kowace ƙasa Etsy ke yarda a buɗe sabon kanti daga cikinta ba, PayPal ma ba ko'ina yake bari a karɓi kuɗi yadda ake so ba. Wasu kamfanonin Amurka za su sa ka cike fom ɗin haraji na W-8BEN, kuma in ƙasarka ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, ana iya riƙe har kashi 30 na ladan da ya fito daga masu saye na can. Zanen 'yan wasan katun na Disney da makamantansu yana jan masu saye, amma ba naka ba ne, ƙorafi ɗaya ya isa a sauke kayan, in abin ya maimaitu a rufe kantin.

Sannan akwai saƙon da kusan kowane sabon mai zane ke samu. Baƙo ya shigo maka, ya yaba aikinka har ya wuce misali, ya ce zai sayi zane uku a matsayin NFT a kan dubban daloli. Sharaɗi ɗaya ne: ka yi rajista a wani shafi da zai turo maka, ka biya ɗan kuɗin ɗora zanen. Da zarar ka biya, shi ke nan, an sha da kai. Ka toshe shi tun a saƙon farko.