Sabon wakilin inshora: wane kamfani za ka yi wa aiki?

Lasisinka ya fito, ko kuma yana hanya. Sai ga kamfanoni uku suna kiranka a mako guda, kowanne yana cewa "zo mu yi tafiya tare". Kada kanka ya kumbura tukuna. Kamfanonin inshora ba sa gajiya da ɗaukar sababbin wakilai, domin da yawansu ba albashi suke biya ba, kamasho ne. In ka sayar, kowa ya samu. In ba ka sayar ba, kuɗin motarka da katin wayarka ne suka tafi. Don haka yadda suke tantance ka, kai ma sai ka tantance su.

Da farko ka san irin wakilcin da ake yi maka tayi. Akwai wakilin da ke ɗaure da kamfani ɗaya, hajarsu kaɗai yake tallatawa. Shi galibi ana ba shi horo da wurin zama, wani lokaci har da ɗan alawus na watannin farko, amma kamashonsa yakan fi ƙanƙanta. Akwai kuma mai zaman kansa, wanda ke hulɗa da kamfanoni da dama ya zaɓar wa kwastoma wanda ya dace da shi. Kasonsa ya fi tsoka, sai dai komai daga aljihunsa ne. A ganina, wanda bai taɓa zama gaban kwastoma ba ya fi buƙatar malami fiye da babban kaso.

To mu zo kan kamashon, domin a nan ake yi wa rogo kallon kitse.

A inshorar rai, kamashon shekarar farko yakan yi yawa, na shekarun baya kuma ya ragu ƙwarai. A inshorar mota ko gida, kason bai kai haka ba, amma yana maimaituwa duk lokacin da kwastoma ya sabunta. Mai ɗaukar ka aiki zai faɗa maka babbar lambar nan ta shekarar farko da murmushi. Abin da ba zai yi saurin faɗa ba shi ne sharaɗin dawo da kamasho.

Ga misali, lissafi ne kawai don a fahimta. Kwastoma ya amince zai riƙa zuba 10,000 duk wata, wato 120,000 a shekara. Kasonka rabi ne, 60,000, kuma kamfani ya ba ka shi tun kafin kuɗin su gama shigowa. Ka ji daɗi, ka biya haya. Bayan wata huɗu sai mutumin ya daina zubi, inshorarsa ta mutu. Abin da ya shiga hannun kamfani 40,000 ne, naka a ciki 20,000. Ragowar 40,000 ɗin da ka riga ka ci ya zama bashi a wuyanka, za a zare shi daga cinikinka na gaba. Wasu kamfanonin ma duka suke karɓewa in abin ya faru da wuri. Mutum uku su yi maka haka a wata ɗaya, sai ka wayi gari kana aiki amma kai ake bi. Ka tambaya a fili: wata nawa sharaɗin yake ɗauka, duka ake karɓewa ko saura, kuma in ka bar aiki bashin yana bin ka?

Tambaya ta gaba tana cikin takardar kwantiragi, yawanci can shafukan ƙarshe da ƙananan baƙaƙe. Kwastomomin da ka sha rana ka tara, na wane ne? A wani wurin, bayan ka yi wasu shekaru kamashon sabuntawa ya zama haƙƙinka ko ka tafi. A wani wurin kuwa, ranar da ka ajiye aiki ranar komai ya koma hannun kamfani, har a haɗa maka da sharaɗin kada ka tuntuɓi mutanen na wani lokaci. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Ka nemi a ba ka takardar ka je gida da ita. Duk wanda ya ce sai dai ka sa hannu yanzu-yanzu, ya riga ya ba ka amsa.

Sai batun inda kwastoma zai fito. Akwai wuraren da ranar farko za a miƙa maka takarda da biro a ce rubuta sunayen 'yan uwa da abokai ɗari. Ba laifi ba ne mutum ya fara da na kusa. Amma in babu wani shiri bayan wannan, to jerin sunayenka suke so, ba kai ba; kana gama zagaye dangi za a nemo wani sabo. Haka kuma in ka ga an fi matsa maka ka kawo wasu wakilai su shiga ƙarƙashinka fiye da koya maka hajar kanta, ka yi taka-tsantsan.

Horo kuwa, kada ka tsaya kan "muna da horaswa". Ka ce wa zai raka ka wurin kwastomomi goma na farko, kuma nawa zai ɗauka a cikin kamashon.

Yanzu abin da ni na fi ba muhimmanci: shin kamfanin yana biyan diyya? Abin da kake sayarwa alkawari ne a takarda. Ranar da motar mutum ta yi haɗari, ko maigida ya rasu, iyalinsa ba shugaban kamfani za su kira ba, lambarka ce a wayarsu. Ka fara da hukumar da ke sa ido kan harkar inshora a ƙasarka, ka tabbatar kamfanin yana cikin masu rajista. Ka duba rahoton kuɗinsa na shekara. Akwai kuma cibiyoyin da ke auna ƙarfin kamfanoni, irin su AM Best da aka kafa a Amurka a 1899, wadda mafi girman makinta shi ne A++, da S&P da Moody's da Fitch. Makin yana nuna kamfani yana da ƙarfin biya. Ko yana biya ba tare da jan ƙafa ba, wannan sai a bakin waɗanda suka taɓa neman haƙƙinsu.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda riba da rashin tabbas a ciniki, akwai takaful. An fara shi a Sudan a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984. Mahalarta ne ke zuba kuɗi a asusun taimakon juna, kamfani yana gudanarwa a biya shi ladan aiki. Duk tambayoyin da muka yi a baya suna nan daram a can ma, sai ka ƙara da ɗaya: su wane ne a kwamitin malaman da ke duba ayyukansu?

Kafin ka yanke shawara, ka roƙi manajan ya haɗa ka da wakilin da ya shekara uku a wurin, ku zauna ba a ofis ba. Ka tambaye shi su nawa aka ɗauka tare, su nawa suka rage. Sannan ka nemo wanda ya bar kamfanin, ka tambaye shi nawa aka ce ana bin sa ranar da ya tafi.