Kayan Adon Ɗaki Masu Ƙamshi da Filasta da Man Tsirrai

Assalamu alaikum uwargida, barka da war haka. Turaren wuta ba shi da na biyu, wannan mu mutanen Garwa da Marwa da Njamena ba sai an gaya mana ba. Sai dai yana son garwashi, yana son hayaƙi, kuma ba a tafiya a bar shi cikin kabad ɗin kaya. Abin da za mu haɗa yau ɗan ado ne da za ki rataya a bayan ƙofa ko jikin labule, yana sakin ƙamshi a hankali babu wuta.

Ga kayan a kan faranti. Garin filasta, irin wanda masu gyaran silin ke kwaɓawa, ana samunsa a shagon kayan gini. Ruwan randa mai sanyi. Kofin shayi na gilashi don awo. Tsohuwar roba da cokali. Zare ko ƙyalle siriri. Sai man ƙamshin da ake tatsowa daga tsirrai, wanda ke zuwa a 'yar kwalba mai duhu ta mililita 10. Kada ƙanƙantar kwalbar ta sa ki raina ta: mililita ɗaya wajen ɗigo 20 ne, kin ga akwai kusan ɗigo 200 a ciki.

Mazubi kuwa ba sai kin saya ba. Dubi gindin robar lemon kwalba. Yanke shi da almakashi, tsayin yatsa biyu, ki kifa ki gani: fure ne mai kunne biyar. Murfin robar bota yana ba da faifai. In kina da mazubin kek na roba mai laushi, ya fi sauƙin cirewa. Shafa ɗan basilin a ciki, sama-sama.

Awon shi ne kofi 2 na gari, kofi 1 na ruwa. Ruwan ake fara zubawa a roba, sannan a riƙa barbaɗa garin a kai kamar mai talge. In kika juya tsarin, kika kwara ruwa a kan gari, gudaji zai yi, kuma ba ya narkewa. Bar shi ya jiƙa minti ɗaya ko biyu, sannan ki juya a hankali har ya yi kaurin kunu. Kada ki buga shi kamar ƙwai, iska za ta shiga, fuskar adon ta fito da ramuka. In kina son launi, a cikin ruwan za ki ɗiga kalar abinci tun kafin gari ya shiga, kuma ki sani yana dusashewa idan ya bushe.

Zuba a mazubi, kaurin yatsa ɗaya. Ɗan buga gindinsa a ƙasa sau uku ko huɗu, ga kumfar nan tana tasowa. Da ya fara kama jikinsa, ki tsayar da robar zuƙar lemo kusa da baki, ita za ta bar ramin zare. Filasta ba ta jira. A zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, tana iya daskarewa kafin ki gama zubawa, shi ya sa muka ce ruwan randa, kuma ki kwaɓa kaɗan-kaɗan. Za ki ji mazubin ya ɗauki ɗumi, aikinta ne take yi. Kada yaro ya cusa hannu ciki don a fitar da siffar tafinsa, in da yawa tana ƙuna. Bayan awa ɗaya ki cire, ki shanya a inuwa kwana 2. Da damina ki ƙara mata kwana.

To, nan ne yawanci ake ɓata aikin. Wasu suna zuba man a cikin kwaɓin. Ɗumin daskarewa da kwanakin shanya su kwashe mafi yawan ƙamshin, a yi asarar rabin kwalba. Sai adon ya bushe ƙarau ake sa mai. Taɓa shi da bayan hannu: in har yana da sanyi-sanyi, da sauran ruwa a ciki, kuma ruwa ba ya barin mai ya shiga. Sannan ta baya ake ɗigawa, wato gefen da bai taɓa basilin ba. Nan ƙofofin filastar suke a buɗe, kuma tabon da mai ke bari ba zai fito a fuska ba. Man kanumfari musamman yana rina farar filasta ruwan ƙasa. Ɗigo 4 ko 5 sun isa. Fenti mai mai ko banish kuwa toshe ƙofofin suke yi, in za ki yi zane ki bar bayan fari.

Kowane mai da saurin tashinsa. Na ɓawon lemu da lemun tsami shi ne mai gaggawa, da zafi kwana biyu ya tafi. Sitironel, wato wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami, da na'a-na'a da ekaliftus, wato bishiyar turare, suna ɗan jimawa. Kanumfari da sandal su ne masu zama. Don haka a haɗa mai sauri da mai nauyi: lemu ɗigo 3, kanumfari ɗigo 1 don falo. Banɗaki kuwa sitironel 3, ekaliftus 2. Kanumfari ya wuce ɗigo ɗaya, ɗaki ya koma shagon yaji. Kuma kada ƙamshin sitironel ya sa a naɗe gidan sauro, ɗigo uku a bango ba ya hana cizo.

Za ki gwada man kafin ki saki kuɗinki? Ɗiga ɗaya a farar takarda ki bar ta zuwa gobe. Masu sauƙi kamar na'a-na'a da ekaliftus suna tashi su bar takardar kusan tas. In kika tarar da da'irar maiƙo irin ta ƙosai, an sirka shi da wani mai. Sandal dai nauyinsa daban, gwajin ba ya kama shi sosai.

Akwai masu yi da fulawa kofi 2, gishiri kofi 1 da ruwa kusan kofi 1. Da hunturu yana bushewa lafiya lau. Agusta na yi, gishirin ya janyo laima, adon ya yi laushi har ya yi fumfuna. Gara ki je wurin masu ginin tukwane ki karɓi ɗan gasasshen yumɓu marar sheƙi, yana shan mai kamar filasta.

A kula: ban da ɗakin jariri, musamman na'a-na'a da ekaliftus, suna iya takura numfashinsa. Mai asma a fara masa da ɗigo ɗaya a ga hali. Kyanwa ma man nan yana cutar da ita. Rataya adon sama, nesa da murhu da kasko, domin man yana kama wuta, kuma kada ya jingina da katako mai banish ko atamfar fita. In yaro ya kurɓi na kwalba, kada a sa shi amai, a ɗauki kwalbar a nufi asibiti.

Ragowar kwaɓin kada ki wanke shi a magudana, daskarewa zai yi ya toshe bututu. Bar shi ya bushe a robar, ki matsa gefenta, ya ɓalle ki zubar. Kwalbar man kuma a rufe ta tam, a ajiye a ƙasan kabad inda rana ba ta kaiwa.